Spezia: ƙungiyar 'yan kwana-kwana da yaran Abuja

Baban Ilham:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in buɗe zance a kan wata ƙungiya da ba kasafai ake kunna wasanta a gidajen kallo ba sai idan ta haɗu da Milan ko Inter, wato Spezia ta Italiya. Garinta, La Spezia, yana bakin teku a yankin Liguria tsakanin Genoa da Pisa, mutanensa ba su kai dubu ɗari ba, kuma an fi saninsa da sansanin sojan ruwa fiye da ƙwallo. An kafa ƙungiyar a 1906, amma sai a watan Agusta na 2020 ta shiga Serie A karon farko. Ta yi kaka uku a can, ta faɗo a 2023, sannan a 2025 ta kai wasan ƙarshe na neman komawa, Cremonese ta doke ta da ci 3-2 a filin Spezia. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a 2008 ƙungiyar nan ta tsiyace, aka rushe ta, aka sake kafa ta a Serie D, wanda a lokacin shi ne rukuni na biyar. Daga rukuni na biyar zuwa na farko cikin shekara 12. Tambayata ita ce: wannan iya tafiyar da ƙungiya ne, ko kuwa aljihun attajiri ne kawai?

Tsohon Gola:
Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Kafin a kai ga aljihun attajiri, ya kamata yaran da ke cikin wannan zaure su san cewa mutanen La Spezia ba daga 2020 suke fara ƙirga tarihinsu ba, daga 1944 suke farawa, kuma wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin tambarin da ke ƙirjin rigarsu.

A ƙarshen 1943 Italiya ta rabu biyu saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Kudu na hannun sojojin ƙawance, arewa kuma na hannun Jamus da gwamnatin da Mussolini ya kafa a ƙarƙashin inuwarsu. Duk da haka aka shirya gasa a arewa. Matsalar kowace ƙungiya ita ce yadda za ta hana a kwashe 'yan wasanta a kai su fagen daga, don haka kowa ya nemi inda zai raɓa. Torino ta sa 'yan wasanta cikin ma'aikatan kamfanin FIAT, Juventus ta raɓu da kamfanin Cisitalia, su kuwa na Spezia aka sa su cikin 'yan kwana-kwana na garin, runduna ta 42, domin ɗan kwana-kwana ba a ɗaukarsa soja, kuma yana da takardar wucewa a shingayen hanya. Da sunan 'yan kwana-kwana suka buga gasar, ba da sunan Spezia ba. A cikin motar kashe gobara da aka yi wa gyara suke tafiya wasa, suna ɗauke da gishiri, wanda suke ba manoma a hanya su karɓi abinci, domin gishiri ya yi wuya a cikin ƙasa, su kuwa mutanen bakin teku ne.

Suka yi ta cin wasa har suka kai zagayen ƙarshe a Milan, inda ƙungiyoyi uku suka rage, su da Venezia da Torino. Suka yi kunnen doki 1-1 da Venezia. A ranar 16 ga Yuli 1944 suka doke Torino da ci 2-1, Sergio Angelini ne ya ci duka biyun. Ku lura da wace Torino ake magana: wadda ke da Valentino Mazzola da Loik da Gabetto, aka ƙara mata Silvio Piola, kuma Vittorio Pozzo, wanda ya ci wa Italiya kofin duniya a 1934 da 1938, shi ne ke jagorantarta. Kocin 'yan kwana-kwana, Ottavio Barbieri, ya ajiye mutum guda a bayan 'yan baya yana share duk abin da ya kuɓuce, tsarin da daga baya Italiya ta yi suna da shi. Da Torino ta doke Venezia a wasan da ya rage, sai kofi ya zama na 'yan kwana-kwana.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, labarin ya yi daɗi, amma da izininka ina da ja. Gasar da rabin ƙasa bai shiga ba, wadda aka buga a ƙarƙashin mamayar Jamus, ana ruwan bama-bamai, wasu ƙungiyoyin ma suna janyewa saboda babu hanyar tafiya, ba za a kira ta gasar ƙasa ba. Hukumar ƙwallon ƙasar da kanta ba ta lissafa ta a matsayin kofin lig ba, kuma har yau idan ka duba jerin zakarun Italiya ba za ka ga sunan Spezia ba.

Tsohon Gola:
Ban ce za ka gani ba, ɗana. A watan Janairu na 2002 hukumar ta ba su lambar girmamawa tare da izinin ɗinka tambari mai launukan tutar ƙasa a rigarsu har abada, amma ta bayyana cewa ba kofin lig ba ne. Ni abin da nake cewa shi ne Torino ɗin da suka doke ita ce ta ci kofin 1943, kuma bayan yaƙi ita ce ta ci gaba da lashe shi a jere har zuwa haɗarin jirgin sama na Superga da ya hallaka 'yan wasanta a 1949. Ko da a filin makarantar firamare aka doke wannan ƙungiya, abin faɗa ne.

Mazaunin Genoa:
Ina gaida manyana. Da yake aiki ya zaunar da ni a Genoa, na taɓa shiga jirgin ƙasa na je kallon wasansu, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani. Jirgin yana bin gaɓar teku ne, yana shiga ramin dutse yana fita, har ya wuce ƙauyukan Cinque Terre da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa a kansu. Filin wasan yana jingine da yankin sojan ruwa, kuma ƙarami ne, mutum dubu goma da 'yan kai yake ɗauka. Sunansa Alberto Picco, sunan kyaftin ɗinsu na farkon zamani wanda ya mutu a Yaƙin Duniya na Farko a 1915, aka buɗe filin a 1919. 'Yan kallo suna dab da layi, har ɗan wasan da zai yi jifa yana jin duk abin da ake faɗa masa. Masu zafin goyon baya suna zama a ɓangaren da suke kira Curva Ferrovia. Fararen riguna ko'ina, kuma na ga dattawa da yawa sun riƙo hannun jikokinsu, abin da ban cika gani a manyan filaye ba saboda tsadar tikiti. Kusa da ni wani tsoho ya buɗe ledarsa ya fito da burodin nan nasu mai man zaitun ya gutsura ya miƙo mini ba tare da ya ɗauke ido daga fili ba. Da ya ji daga Najeriya nake, sunan farko da ya fito daga bakinsa shi ne Okereke, na biyu kuma Volpi.

Baban Ilham:
Madalla, ga mu mun iso inda nake so. Gabriele Volpi shi ne ya karɓi ƙungiyar a 2008. Mutumin Recco ne, wani ƙaramin gari kusa da Genoa, amma a Najeriya ya tara dukiyarsa, ta hanyar kamfanin Intels da ke hidimar jiragen mai a tashar Onne ta jihar Ribas, kamfanin da Atiku Abubakar ya taɓa zama mai hannun jari a cikinsa. Ke nan kuɗin da aka sake gina Spezia da su, daga tashar jiragen ruwan ƙasarmu suka fito. A 2012 ƙungiyar ta koma Serie B, kuma a kakar nan ta haɗa kofi uku na rukuni na uku a ƙarƙashin koci Michele Serena. Shi ya sa na tambaya tun farko.

'Yar Damagaram:
Yaya Baban Ilham, idan da kuɗi kaɗai ke kai ƙungiya Serie A, da ba su yi shekara takwas a Serie B ba. Daga 2012 zuwa 2019 an kashe kuɗi, an sauya koci bayan koci, an shiga wasannin cike gurbi sau da yawa, kuma kowane karo a hanya ake fitar da su. Abin da aka fi tunawa da shi a tsakanin nan shi ne daren Disamba na 2015 da suka je Rome suka fitar da Roma daga Coppa Italia a bugun fenareti, sai ga shi a zagaye na gaba Alessandria ta rukuni na uku ta fitar da su. Hawan ya zo ne lokacin da mai kuɗin ya fara tsuke bakin aljihu, aka ɗauko Vincenzo Italiano, matashin kocin da ya fito da Trapani zuwa Serie B a 2019. Ya fara kakar da shan kashi har ƙungiyar ta gangara ƙasan teburi, amma aka yi haƙuri da shi, ya ƙare a matsayi na uku. A wasan kusa da na ƙarshe Chievo ta ci su 2-0, suka rama da 3-1. A na ƙarshe suka ci Frosinone 1-0 a gidanta, ita ma ta zo ta ci su 1-0 a ranar 20 ga Agusta 2020, sai doka ta ba wanda ya fi matsayi a teburi. Ba wani ɗan wasa mai tsada a cikin tawagar nan. Ni a ganina kuɗin Volpi sun hana ƙungiyar mutuwa, amma koci ne ya hau da ita.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma kada a manta wanda ya ci ƙwallon nan a Frosinone shi ne Emmanuel Gyasi, wanda aka haifa a Palermo amma ya zaɓi buga wa Ghana. Shi ne kuma ya ci ƙwallon da ta kayar da Milan 2-1 a San Siro a Janairun 2022, a cikin mintunan ƙarin lokaci, ranar da alƙalin wasa ya yi gaggawar hura usur ya hana Milan ƙwallon da Messias ya zura. Mu a nan gidan kallo ya rabu biyu a daren, masu goyon bayan Milan da masu goyon bayan ɗan ƙasa.

Ɗan Tudun Wada:
Duk na ji, amma akwai ɓangaren da ake tsallakewa, kuma shi ne ya shafe mu kai tsaye. A wancan lokacin Volpi yana da alaƙa da makarantar horar da yara ƙwallo da ake kira Football College Abuja, kuma ya taɓa zama mai hannu a ƙungiyar Rijeka ta Kuroshiya. Daga Abuja ake kai yara gasannin matasa a Turai, waɗanda suka yi fice sai su ƙare a Liguria. Ta wannan hanya Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya tafi, haka Nura Abdullahi, haka David Okereke. A watan Yuli na 2021 FIFA ta yanke wa Spezia hukuncin hana sayen 'yan wasa na tsawon zango huɗu na kasuwar cinikin 'yan wasa, da tarar rabin miliyan na kuɗin Suwizalan, saboda ta same ta da laifin karya dokar da ta hana ɗauko yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa. Yara 13 'yan Najeriya aka ambata. Hukuncin ya haɗa da ƙananan ƙungiyoyi biyu na yankin, Lavagnese da Valdivara, waɗanda aka ce a cikinsu ake ajiye yaran a matsayin 'yan wasan sa-kai har su cika shekara 18, sannan Spezia ta sa musu hannu a kyauta. Daga baya kotun wasanni ta duniya ta sassauta hukuncin, amma ba ta ce babu laifi ba. To idan za a yi labarin ƙaramar ƙungiya mai hikima, a saka wannan a ciki.

Mazaunin Genoa:
Malam, ban musa hukuncin ba, amma ka tambayi kanka inda Sadiq zai kasance da ba a ɗauke shi ba. Daga matasan Spezia ya koma Roma a 2015, ya ci ƙwallo a Serie A yana ɗan shekara 18, ya ci biyu a ragar Honduras ranar da Najeriya ta karɓi tagulla a gasar Olympics ta Rio a 2016, daga baya ya yi suna a Partizan da Almería har Real Sociedad ta saye shi a 2022 a kan kimanin yuro miliyan 20. Okereke kuma aka sayar da shi ga Club Brugge ta Beljiyam a 2019. Na ga yaranmu da suka shigo ƙasar nan ta Libiya da kwale-kwale, kuma na san inda suke kwana. Wanda aka kawo a jirgin sama, aka ba shi ɗaki da abinci da fili, bai kamata a haɗa shi da su ba.

Ɗan Tudun Wada:
Ka kira sunaye biyu, ni kuma na ce maka 13 aka ambata a hukunci. Sauran fa? Dokar nan ba don Sadiq aka yi ta ba, don yaron da zai cika shekara 18 a ce bai kai ba, alhali ya bar makaranta, ya bar iyayensa, kuma takardar zamansa tana rataye da ƙwallon da aka ce bai iya ba. Ko shi Nura, wanda mutane da yawa suka ɗauka zai fi Sadiq nisa, ciwon zuciya ya tsayar da shi a 2019 yana ɗan shekara 21. Wannan ƙaddara ce, ba laifin kowa ba, Allah Ya ba shi lafiya, amma tana nuna yadda lamarin yake rataye da zare.

Akwai kuma batun kuɗi. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar unguwa da ba ta yi wa yaro rajista da hukuma ba, ba ta da takardar da za ta nuna, don haka kocin da ya shekara biyar yana saya masa takalmi da kuɗin aljihunsa sai dai ya gan shi a talabijin. Wannan ɓangaren laifinmu ne, ba na Turawa ba, amma wanda ya san dokar shi ke cin moriyar wanda bai sani ba.

'Yar Damagaram:
A kan hukuncin akwai abin da ya kamata a ƙara. Volpi ya sayar da ƙungiyar ga Ba'amurke Robert Platek a Fabrairun 2021, wata biyar kafin FIFA ta yi magana. Ke nan wanda aka yi abin a zamaninsa ya riga ya tafi, wanda ya zo daga baya ne ya ɗauki nauyin. Saboda tsoron rufe musu kasuwa suka cika tawaga da 'yan wasa a bazarar 2021, Italiano kuma ya bar su ya koma Fiorentina jim kaɗan bayan ya sabunta kwantiraginsa, abin da mutanen garin ba su yafe masa da wuri ba. Duk da haka Thiago Motta ya tsirar da su a kaka ta biyu, har ya je Naples ya ci Napoli 1-0 da ƙwallon da ɗan bayan Napoli ya ci gida.

Baban Ilham:
To me ya kayar da su a 2023? Na tuna sun ci Inter 2-1 a watan Maris, Daniel Maldini da Nzola suka ci, na ɗauka sun tsira.

Tsohon Gola:
Abu uku suka haɗu, a nawa ganin. A Janairu suka sayar da Jakub Kiwior ga Arsenal, kuma shi ne ginshiƙin bayansu. A Fabrairu suka kori koci Luca Gotti alhali ƙungiyar ba ta cikin ukun ƙarshe, suka kawo Leonardo Semplici, daga nan cin wasa ya zama abin nema. Na uku shi ne doka. Sun ƙare da maki 31 daidai da Hellas Verona, kuma da tsohuwar doka ce ake bi, wadda ke duba sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin biyu, da Spezia ta tsira, domin ta ci Verona 2-1 a gidan Verona suka kuma yi canjaras babu ci a La Spezia. Amma a kakar nan ne aka dawo da wasan raba gardama. Aka haɗu a Reggio Emilia ranar 11 ga Yuni, Verona ta ci 3-1, Ngonge ya ci biyu. An kori ɗan wasan Verona saboda ya tare ƙwallo da hannu a bakin raga, Nzola ya buga fenareti gola ya kama, kuma a nan ƙarfinsu ya ƙare.

Waɗanda suka daɗe suna bin Serie B za su tuna cewa bashi Verona ta karɓa. A 2006 Spezia ta koma Serie B bayan shekara 55, ta tarar da Juventus da aka jefo saboda badaƙalar alƙalan wasa. A ranar ƙarshe ta kakar, Yunin 2007, Spezia ta je Turin ta ci Juventus 3-2, wannan ne ya ba ta damar buga wasan tsira, kuma wadda ta haɗu da ita ita ce Verona. Spezia ta ci 2-1 a gida, suka tashi babu ci a Verona, Verona ta faɗa rukuni na uku. Shekara 16 Verona ta jira, kuma ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Baba, shekara guda bayan wancan tsirar ne suka tsiyace ko?

Tsohon Gola:
Haka ne. A kakar 2007-08 bashi ya yi musu katutu, aka zaftare musu maki, magoya baya suka yi karo-karo suka sayi hannun jari don a biya albashi a kai ƙarshen kaka, amma ƙungiyar ta faɗi kuma ba ta iya yin rajistar kaka mai zuwa ba. A wannan halin Volpi ya same ta.

'Yar Damagaram:
Ni abin da ke damuna game da makomarsu ba Cremonese ba ce, tsarin da suka dogara da shi ne. Wanda ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa a kakar 2024-25 shi ne Francesco Pio Esposito, kuma aro ne daga Inter, da kaka ta ƙare ya koma gidansu. Garin da bai kai mutum dubu ɗari ba, da filin da ba ya ɗaukar dubu goma sha biyar, kuɗin tikiti ba za su riƙe ƙungiya ba. Kuɗin talabijin na Serie B kuma ba su kama ƙafar na Serie A ba. Abin da ya rage shi ne a samo yaro da arha a sayar da tsada, kamar yadda aka yi da Okereke da Kiwior, kuma hanyar Abuja an rufe ta.

Ɗan Tudun Wada:
An rufe wa Spezia, Hajiya, ba a rufe wa kowa ba. Har yanzu duk hutun makaranta za ka ji an zo gwajin 'yan wasa a Kaduna ko Kano ko Jos, ana karɓar kuɗin fom daga iyaye. Wanda ke da ɗa ko ƙane a irin waɗannan makarantu ya tambaya ko an yi masa rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, kuma ya nemi ganin takardar da idonsa kafin a fara maganar biza.

Mazaunin Genoa:
A kan rajista ba ni da ja. A kan Sadiq kuwa ina nan a kan bakana.